Buɗe wayar da kamfanin layi ya kulle: abin da ya kamata mu sani kafin tafiya

Da yawa daga cikin wayoyin da ke hannunmu a zango ba a nan Gana aka fara sayar da su ba. Wasu 'yan'uwa ne suka aiko daga Amurka ko Ingila, wasu kuma na hannu ne da muke saya a Sakul ko Adum. Ga kuma 'yan'uwanmu mazauna waje da ke zuwa gida biki ko zana'iza, da iyayenmu masu shirin Hajji da Umra. Duk waɗannan suna iya haɗuwa da matsala ɗaya: a sa sabon sim, wato cif, waya ta ƙi karɓa. Mun tattara wannan bayani ne don a gane dalili, a kuma gyara tun ana gida, domin mabuɗin yana hannun kamfanin da ya sayar da wayar, kuma neman sa bayan an sauka a wata ƙasa wahala ce.

Mene ne kullen kamfani?

A wasu ƙasashe, musamman Amurka, kamfanin layi kan ba mutum waya ya riƙa biya wata-wata na shekara biyu ko uku. Don kada ya ɗauki wayar ya koma wani kamfani bai gama biya ba, sai a saita ta yadda sim ɗin kamfanin kaɗai za ta karɓa. Wayar lafiyarta ƙalau. Tana hawa Wi-Fi, tana ɗaukar hoto, amma in an sa mata MTN ko Telecel a nan, ko STC, Mobily ko Zain a Saudiyya, ba kira ba data.

Kulle iri-iri ne

Mutane kan ce "wayata a kulle take", alhali abubuwa huɗu ne mabambanta.

Na farko shi ne kullen kamfani, wanda muke magana a kai.

Na biyu PIN na sim. Wannan yana jikin sim ne, bai shafi waya ba. In an kuskure sau 3 sai ya nemi PUK, in an kuskure PUK sau 10 sim ɗin ya mutu.

Na uku kullen asusun mai waya, wato iCloud a iPhone ko asusun Google a Android. Mai wayar na farko ne zai cire shi da kalmar sirrinsa, kamfanin layi ba shi da hannu a ciki.

Na huɗu baƙin jeri. In an kai rahoton cewa an sace waya ko ta ɓata, ana sa lambarta a jerin da kamfanonin ƙasashe da yawa ke dubawa. Kamfani ba ya buɗe irin wannan waya, kuma tana iya yin aiki a wata ƙasa ta ƙi yi a wata.

Yadda za mu gane

Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe waya, a cire sim ɗin kamfanin da ya sayar da ita, a sa na wani kamfani, a kunna, a gwada kira. In kira ya shiga, a buɗe take. In ta nemi lambar buɗewa ko ta ce ba ta karɓar wannan sim, a kulle take.

Mai iPhone ya shiga Settings, General, About, ya gangara zuwa Carrier Lock. In ya ga No SIM restrictions, ba kulle.

Kowa kuma ya danna *#06# ya rubuta lamba mai alƙaluma 15 da za ta fito. Ita ce IMEI, shaidar wayar, kuma da ita ake neman buɗewa.

Ƙasar da waya ta fito

Kanada ta hana sayar da sababbin wayoyi a kulle tun 1 ga Disamba 2017, ta kuma hana karɓar kuɗin buɗewa. Birtaniya ta hana kamfanoninta sayar da waya a kulle daga 17 ga Disamba 2021, don haka wadda aka saya kafin wannan rana ce abin dubawa.

Amurka ce ke da sauran aiki. A 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum buɗe wayarsa, amma har yanzu kamfanoni na sayar da waya a kulle, kowanne da sharaɗinsa. Ga masu biyan wata-wata, T-Mobile ya daɗe yana neman waya ta yi kwana 40 a layinsa, AT&T kuma kwana 60, kuma dole an gama biyan kuɗin wayar. Ga masu layin saka kati, jiran yana iya kaiwa shekara guda. Sharuɗɗan suna canzawa, don haka mai layin ya tambayi kamfaninsa kai tsaye.

Matakan buɗewa

Mai asusun da aka sayi wayar da shi ne ya fi dacewa ya nema. Ya tabbatar ba sauran bashi, ya shiga shafin kamfanin ko ya kira su, ya ba da IMEI. In waya ta cika sharaɗi, kyauta ake buɗe wa mai layi. Manyan kamfanonin Amurka sun yi alkawarin ba da amsa cikin kwana biyu na aiki, amma mu dai a fara nema aƙalla mako biyu kafin tafiya, saboda in an ƙi, a samu lokacin gyara abin da ya hana.

A iPhone ba a shigar da wata lamba. Kamfanin layi ne ke buɗewa daga wajensa, sai a haɗa waya da Wi-Fi a sa sabon sim. Shagon Apple ba ya buɗe kullen kamfani. A Android kuwa, wasu ana turo lamba a shigar, wasu ana buɗewa daga cikin saitin waya. Kada a yi ta cankar lamba, domin damar gwaji kaɗan ce, in ta ƙare wayar na iya ƙara kullewa.

Ga masu aiko da waya gida

'Yan'uwanmu na Bronx da sauran wurare, don Allah ku buɗe waya kafin ku ba mai tafiya ya kawo. Ku cire iCloud ko asusun Google ɗinku, ku gwada da sim ɗin wani kamfani. Mintuna kaɗan ne a wajenku, amma in ta iso Nima ko Aboabo a kulle, tsohuwa ce za ta yi ta yawo wajen masu gyara tana kashe sidi.

Ku kuma lura, tun daga iPhone 14 da ya fito a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da wurin sa sim. Da eSIM kaɗai suke aiki, wato sim ɗin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. Kullen kamfani yana hana eSIM na wani kamfani shi ma. Kafin a aika wa dattijo irin wannan waya, a tabbatar akwai wanda zai raka shi ofishin layi a mayar masa da lambarsa kan eSIM.

Buɗewar kasuwa

A kasuwa akan buɗe iPhone da wani ɗan siririn falle da ake ɗorawa tare da sim don ya ruɗi wayar. Irin wannan waya tana aiki a nan, amma a wajen kamfani har yanzu a kulle take. In an canza sim ko an sabunta manhajar waya, tana iya tsayawa, kuma filin jirgin Jidda ba wurin neman mai gyara ba ne. Mai sayen waya ta hannu ya buɗe mazaunin sim ya duba da idonsa, ya kuma duba Carrier Lock kafin ya biya. Masu alkawarin buɗewa ta intanet in an tura musu kuɗi da IMEI kuwa, a yi hattara. In kamfani ya ƙi buɗewa saboda bashi ko rahoton sata, wannan dalilin yana nan ko an biya wani.

Wanda ya ɗauki waya a nan gida yana biya kaɗan-kaɗan, shi ma ya tambayi masu wayar kafin ya tashi. Irin waɗannan wayoyi suna rufewa in biya ya tsaya, wasu kuma an ɗaure su da layi ɗaya.

Ga maniyyata da sauran matafiya

A gwada waya da sim biyu na kamfanoni daban tun ana gida. Kada a yar da sim ɗin Gana, domin a kansa saƙon MoMo da na banki ke shigowa. WhatsApp zai ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko an sa sabon sim, sai dai in mutum ya zaɓi canza lamba da kansa. A Saudiyya da fasfo ake rajistar sim, don haka a saya a wurin kamfani, kada a karɓi wanda aka yi wa rajista da sunan wani. In lokaci ya ƙure ba a samu buɗewa ba, a sayi ƙaramar waya a buɗe don kira, a bar babbar don Wi-Fi na masauki.

Matasa, wannan aikinmu ne. Duk gidan da ke da mai tafiya, a samu ɗaya ya zauna da Baba ko Hajiya ya duba wayar, ya rubuta IMEI a takarda a ajiye tare da kwafin fasfo. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.