Hali Zanen Dutse: Yadda Ɗabi'a Ta Zama Suna a Tarihin Hausa

Duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san sunan yanka bai cika kai mutum tsufa shi kaɗai ba. Ana raɗa wa yaro Usmanu ranar bakwai, amma kafin ya yi gemu unguwa ta gama nazarinsa ta ba shi wani. In yana yawan mantuwa ya zama Mantau, in kullum shi ne ƙarshen zuwa ya zama Makarau. Wanda ba ya neman na kansa ci-ma-zaune ne, mai ƙara wa zance gishiri kuwa shafa-labari-shuni. Wannan al'ada ba yau ta fara ba, kuma ko sarakuna ba su tsira daga gare ta ba.

Mu fara da Kano, domin nan ne rubutu ya fi adana mana sunaye. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya kawo sarkin da aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Sunansa Ali, kuma a zamaninsa ne littafin ya ce Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. To amma wa ke kiransa Ali a yau? Kowa Yaji ya sani. Dalilin da aka bayar shi ne zafin rai da yake da shi tun yana yaro. Ya ci yaƙe-yaƙe, ya kori sarkin Rano, ya shekara fiye da talatin a kan gado, amma sunan da fushin ƙuruciya ya jawo masa shi ya bi shi har yau, shekara fiye da 600.

Wanda Yaji ya gada, Usmanu, nasa laƙabin ya fi nauyi. Shi ya kashe Sarki Tsamiya, ya rufe ƙofar gidan sarauta, ya yi kwana bakwai bai fito ba, ba a kuma san yadda ya yi da gawar ba. Sai mutane suka kira shi Zamnagawa. Mu da muke cewa zamna maimakon zauna, kamar mutanen Maraɗi da Gobir da Adar, ba ma bukatar fassara. Gininsa ɗaya da na ɓata-gari da cika-baki: a ɗauko aikatau, a haɗa shi da abin da aka aikata wa, shi ke nan an yanke hukunci cikin kalma guda.

A nan ya kamata mu bambanta laƙabin hali da sunan kirari. Bawa Jan Gwarzo na Gobir da Ahmadu Kuran Daga na Damagaram sunaye ne na yabo. Ahmadu ya kai wa ƙasar Kano yaƙi, a zamaninsa ne aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, shi ma Faransawa suka kashe shi a 1899. Irin wannan suna maroƙa ke ɗaga shi a gaban mai shi, a ba su riga ko doki. Laƙabin hali kuwa ba a biyan kowa, kuma sau da yawa a bayan ido ake faɗinsa.

Misalin da ya fi fito da haka shi ne Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1891 zuwa 1902. Saboda tsananinsa aka sa masa Ɗanyen Kasko, wato kaskon da bai ga wuta ba, wanda ba a dogara da shi. Shi ne ya naɗa Tukur sarautar Kano a 1893 ya bar Yusufu, abin da ya haifar da Basasa. Babu talakan da ya isa ya ƙalubalance shi a fada, amma kalmomi biyu sun ratsa kasuwanni sun riƙe ra'ayin jama'a har bayan ransa.

Da Nasara suka zo, su ma an auna su da wannan mudu. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, ya zama Ɗan Hausa saboda yadda ya iya harshen, kuma gidansa da wannan suna ake kiransa har gobe. Wani jami'i, Hermon-Hodge, ya karɓi sunan Langa-langa, wanda ake gaya wa dogo siriri, har ya buga littafinsa da shi.

Sai dai wuƙar nan baki biyu gare ta. Malamai suna tunatar da mu cewa Suratul Hujurati ta hana jifan juna da munanan laƙubba. Duk da haka malaman hadisi sun riƙa ambaton A'amash da A'araj, masu nuni ga raunin gani da gurguntaka, saboda da su aka san mutanen, ba don wulaƙanci ba. Ma'aunin ke nan: shin sunan yana gane mutum ne, ko yana tozarta shi? Yaron da aka laƙaba wa sunan izgili don in'ina ko fitsarin kwance bai kashe Tsamiya ba, bai jawo Basasa ba, amma yana iya ɗaukar kayan har furfura.

Saboda haka, ƴan uwa, mai neman tarihi kada ya tsallake laƙabi, domin nan ne talakan da bai rubuta littafi ba ya ajiye shaidarsa. Mai sa wa wani suna kuma ya tuna Yaji: abin da ya fito daga bakinsa da wasa yana iya daɗewa fiye da ganuwar gari. Allah Ya sa a tuna mu da kyakkyawan hali.