Ƙarfen da Ba Ya Kwana a Jijiya

Likita ya sa maka ranar aiki, ko a Talatar Mafara, ko Gusau, ko Sakkwato. An haɗa kuɗi, an sanar da dangi. Amma abin da ya hana ka barci a Bakura ba wuƙar likita ba ce, domin ka san ba za ka gan ta ba. Allurar nan ce da za a kafa maka a bayan hannu, idonka biyu, kafin komai. Akwai magidanta da ke yawo da gwaiwa shekara da shekaru saboda ita, har ranar da hanji zai maƙale a kwashe su cikin dare. Ba sa faɗa, domin ana ganin abin kunya ne a ce mutumin da ya zauna wanzami ya kafa masa ƙaho bai motsa ba yana tsoron allura.

A ganina tsoron yana da asali. Wanzami maƙwabcinka ne, kana ganin askarsa, ka san a fata za ta tsaya. Ita kuwa wannan allura jijiya take nema, kuma yawancinmu mun fara ganinta ne a hannun wanda aka kai asibiti a makare. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a 1971 ta kama fiye da mutum 22,000, kuma har yau amai da gudawa kan dawo da damina. Wanda aka kawo da wuri, ruwan ya tashe shi. Wanda aka kawo ya riga ya galabaita, ya cika da leda rataye a kansa. Hoton na biyu shi ya fi zama a zuciya. Shi ya sa in aka ce "har an sa masa ruwa", sai gaban mutane ya faɗi.

Abin mamaki, kwalara ce ta haifi ƙarin ruwan tun farko. Kafin ita an yi gwaje-gwaje: a 1656, a birnin Oxford na Ingila, Christopher Wren ya fiƙe gashin tsuntsu kamar alƙalami, ya ɗaura masa mafitsarar dabba, ya ɗura wa kare maganin sa maye ta jijiya. Karen ya yi barci, ya kuma farka. Sai dai an shafe kusan shekara 180 abin bai zama magani ba.

A 1832 kwalara ta mamaye Birtaniya. Wani matashin likita, William O'Shaughnessy, ya binciki jinin masu cutar, ya gano ruwa da gishiri ne suka ƙare a jikinsu. Wani likita kuma a garin Leith na Sukotilan, Thomas Latta, ya ce to a mayar musu da abin da suka rasa, kai tsaye cikin jijiya. Ya fara da wata tsohuwa da kowa ya fid da rai da ita. Ya ɗura mata ruwan gishiri fiye da lita uku, yana kallo idanun da suka zurma suka dawo, bugun jijiya ya dawo, ta buɗe baki ta yi magana. Gajiya ta sa ya bar ta a hannun wani ya tafi hutawa. Amai da gudawa suka dawo, ba a kira shi ba, cikin 'yan sa'o'i ta rasu. Latta ya rubuta cewa da an sake ƙara mata ruwan da ta rayu. Wasu daga waɗanda ya yi wa daga baya sun tashi, amma shi kansa ya rasu a 1833, annobar ta lafa, aka yi watsi da hanyar tasa shekaru da dama.

Ka lura da abin da ya ci tsohuwar: jijiyar ba ta zauna a buɗe ba. Abin da likitoci suka yi ta nema ke nan bayan Latta, wato ƙofa da za ta kasance a buɗe duk lokacin da aka bukace ta. A 1853 Alexander Wood a Edinbara da Charles Pravaz a Faransa suka fito da sirinji mai allura. Daga 1934 aka fara sa majiyyaci barci da maganin tayofental ta jijiya, mutum ya ɓingire kafin ya ƙirga ashirin. Duk da haka, har tsakiyar ƙarni na 20 ƙarfe ake bari a cikin jijiya, a ɗaure hannu a jikin katako, in ka motsa ya huda jijiyar, hannu ya kumbura, a sake neman wata. Idan tsoronka shi ne kwana da ƙarfe a hannu, to tsoron wancan zamani ne, kuma a lokacin yana da hujja.

A 1950 wani likita mai koyon aikin sa barci a asibitin Mayo na Amurka, David Massa, ya sa wa allurar ƙarfe rigar roba siririya. Allura ta shiga da rigarta, a zare ƙarfen, a bar robar. Ita ce kanula da za a sa maka. Ƙarfen ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a jikinka, sai a jefa shi cikin akwatin allurai, kana iya cewa a nuna maka. Abin da ke ƙarƙashin filasta roba ce mai laushi da ke lanƙwasa tare da hannunka. Launinta girmanta yake nunawa: rawaya da shuɗiya ƙanana ne, na yara da masu siraran jijiyoyi, ruwan hoda da koriya na manya. Ta wannan ƙofa ɗaya maganin barci zai bi, da na kashe zafi, da ruwa, da jini in an bukata. Huda ɗaya ce ta fanshe ka daga goma.

Akwai wani tsoron da bai shafi zafi ba, na abin da ke cikin ledar. Arewa ba ta manta da 1996 ba, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, kuma rashin yardar da ya biyo baya na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara a 2003. Maganin wannan tsoro tambaya ce. Sunan ruwan da ranar lalacewarsa suna rubuce a jikin leda. Yawanci ruwan gishiri ne irin na Latta da aka tace aka daidaita. Haƙƙinka ne a gaya maka abin da za a sa maka, da Hausa, kafin ka sa hannu a takarda.

Idan kuwa kana cikin masu jiri ko suma in sun ga allura ko jini, wannan ba ragwanta ba ce. Bugun zuciya da ƙarfin jini ne ke faɗuwa lokaci guda, kuma yakan bi jinin gida. A 1987 wani masani a Suwidin, Lars-Göran Öst, ya bayyana dabara mai sauƙi: ka ɗaure naman ƙafafu da ciki da ɗaya hannun tamau na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka saki na ɗan lokaci, ka maimaita sau biyar. Hannun da za a huda kawai za ka bari a sake. Ka fara gwadawa a gida tun kwanaki kafin ranar.

Ka gaya wa mai sa barci ko ma'aikaciyar jinya tun ranar da aka duba ka, kada ka bari sai an ɗaure maka damtse. Ka nemi a sa maka a kwance. Ka kawar da kai, ka ja numfashi a hankali, ka riƙe addu'ar da ka saba. In hunturu ne, ka dumama hannun cikin mayafi, domin sanyi na ɓoye jijiya. Ka tambaya takamaimai ƙarfe nawa za ka daina cin abinci, ƙarfe nawa za ka daina shan ruwa, domin sau da yawa lokutan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ƙishin da ya wuce kima na sa jijiya ta noƙe. Akwai man shafawa mai kashe zafin fata da ake sawa kamar awa guda kafin huda. Ba kowane asibiti ke da shi ba, amma tambaya ba ta ɓaci. In an gwada sau biyu ba a samu ba, ba rashin kunya ba ne ka roƙi a kira wani.

Ke kuma uwa, in yaro ne za a yi wa aikin, kada ki ce masa ba zafi, zai gane an yaudare shi a daidai lokacin da ya fi bukatar yarda da ke. Ki ce zai ji kamar cizon cinnaka, sai ya wuce. A daina kuma razana yara da "zan kai ka a yi maka allura" in sun yi ƙiriniya. Ki tambayi likita ko za a iya fara sa shi barci da iskar shaƙa, a sa kanular bayan ya yi barci, domin ana yi wa ƙananan yara haka. Bayan an fito, ki riƙa duba wurin filastar: in ya kumbura, ko ya yi ja, ko yaron na kuka duk lokacin da aka tura magani, ki kira ma'aikaciyar jinya ta canja masa wuri.