Yadda Karayar Kasuwa Ta Koya Mana Darajar Ƙuri'a

Tun da aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, goro da shanu ne gatanmu, Sarkin Hausawa kuwa shi ne bakinmu wajen hukuma. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, ta tsayar da guda 301, iko ya koma hannun kansiloli. Da yawanmu muka yi ko-oho, don kuɗin mai na yawo.

To, sai kasuwar duniya ta karye, farashin mai ya faɗi. A 1982 Shagari ya ce a tsuke bakin aljihu. A 1984 aka rufe iyakoki, aka canza kuɗi. A 1986 naira ta zube. Bashi, wanda shi ne jijiyar fataucinmu, ya ƙi biyuwa. Nan fa muka gane rumfa da tasha da mayanka da kuɗin tikiti duk a hannun ƙaramar hukuma suke. Da zaɓen Disamba 1987 ya zo, wanda aka yi ba jam'iyya, mai hankali bai zauna gida ba.

Jama'a, wanda ba shi da katin zaɓe, da bakin wani za a yanka masa haraji. Allah Ya ganar da mu.