Shekarun ɗakin karatu da shekarun karatu a ƙasar Gazawa, Agye da Gidan Rumji

Gabatarwa

A shekara ta 1986 aka buɗe cibiyoyin farko na karatu da raya al'adu, waɗanda aka fi sani da CLAC, a ƙasar Benin. Daga baya shirin ya bazu cikin ƙasashe wajen 20 masu amfani da Faransanci, har da Nijar. Daga 1986 zuwa 2026 shekara 40 ke nan, kuma cikar shekaru irin wannan takan sa hukumomi da jama'ar gari su shirya biki, a gayyato iyaye da yara, a yi wasanni, a raba kyaututtuka. A cikin wannan maƙala za mu duba abin da ya kamata a tuna idan za a yi wa ɗakin karatu na jama'a irin wannan biki a gundumomin Gazawa, Agye da Gidan Rumji na jahar Maraɗi. Ra'ayinmu shi ne: karatu ya girmi ɗakin karatu a wannan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma bikin da ya ƙidaya shekarun gini kawai zai bar mafi yawan masu karatu a bakin ƙofa.

1. Ƙasar da muke magana a kanta

Agye da Gazawa suna gabas da birnin Maraɗi, Gidan Rumji tana yamma, dukkansu a kan babbar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, lokacin da aka cire ta daga Agye.

Tarihin sarautun yankin yana haɗe da jihadin da ya fara a 1804. Bayan faɗuwar birnin Katsina, sarakunan Haɓe suka yi ƙaura zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, kuma Tsibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji ta yanzu. Sarakunan nan sun yi gāba da Sakkwato, amma gābar ba ta hana su riƙe limamai, alƙalai da marubutan wasiƙu a fadodinsu ba. Fatake da almajirai kuwa ba su daina kai da kawowa tsakanin Katsina, Kano, Tasawa da Damagaram ba, kuma littafi yana cikin kayan da suke ɗauke da su.

2. Gafakar malam

Ɗakin karatu na farko da wannan ƙasa ta sani shi ne zauren malam. Yaro yakan fara da allo, ya sauke Alƙur'ani, sa'an nan wanda ya zarce ya shiga littattafan ilimi: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Muhtasar, ga kuma Ishiriniya ta yabon Annabi. Littattafan nan rubutun hannu ne, warƙa-warƙa, ana ɗaure su cikin tadarishi a adana cikin gafaka. A gefen takarda malamai kan yi fassara da ajami, kuma da ajamin ake rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙun fatauci.

Wannan tsari yana da ƙa'idojinsa na aro. Almajiri yakan ari littafi wurin malaminsa ya kwafa, ya mayar. Idan malami ya rasu, littattafansa kan shiga gado, wani lokaci a raba su tsakanin magada har littafi ɗaya ya watse gida biyu ko uku. Akwai kuma mai barin littattafansa waƙafi ga masallaci ko makaranta. Ke nan aro da ajiya don amfanin jama'a ba baƙin abubuwa ba ne a nan. Abin da babu shi ne wuri guda da kowa zai shiga, mace ko namiji, ko yana da malami ko ba ya da shi. Bayan samun mulkin kai, Bubu Hama ya fara tattara irin waɗannan rubuce-rubuce, kuma tarin da ya soma shi ne tushen sashen rubutun Larabci da ajami na cibiyar binciken IRSH a Yamai, inda ake ajiye da kimanin 4000.

3. Iyaka da boko iri biyu

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila sun ja layi a tsakiyar ƙasar Katsina da ta Gobir. Layin nan ya raba siyasar harshe gida biyu. A gefen Faransa, dokar 1924 ta Afirka ta Yamma ta tabbatar da cewa Faransanci kaɗai ake koyarwa da shi a lakwal. Makarantun ma kaɗan ne: a 1960 yaran Nijar da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba.

A gefen Ingila kuwa an ɗauki Hausar boko a matsayin harshen makarantar elemantare da na mulkin En'e. Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A shekarun 1940 hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa. Waɗannan littattafai ba su tsaya a iyaka ba. Sun hauro tare da goro da atamfa ta hanyar Jibiya da kasuwannin kan iyaka.

Akwai ƙofa ta biyu da Hausar boko ta shigo ta cikinta. Ƴan mishan na SIM sun zauna Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, suna koyar da karatu da Hausa, kuma an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Don haka a lokacin da Nijar ta sami mulkin kai, masu karatu a wannan yanki kashi uku ne: masu Larabci da ajami, su ne mafi yawa, masu Hausar boko, kaɗan, da masu Faransanci, waɗanda suka fi kowa ƙaranci amma su ke riƙe da ofis.

4. Yaƙi da jahilci da rigimar rubutu

Gwamnatin Diori Hamani ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a 1962, ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963. An koyar da manya karatu da harsunan ƙasa, aka fitar musu da ƙananan jaridu irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii. Yadda aka rubuta sunayen nan ya isa ya nuna matsalar da aka shiga. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya ba da shawarar ruɓanya wasali mai tsawo, Nijar ta bi wannan hanya, Nijeriya ba ta bi ba. Manomin da ya koyi karatu a ajin dare na Agye sai ya tarar da littafin Zariya ya sha bamban da takardar da aka koya masa da ita. Sai a farkon shekarun 1980, bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai, aka kusanto da ƙa'idojin biyu, kuma dokar 1999 ta kafa rubutun da muke amfani da shi a wannan maƙala.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, dokar 2001 ta jera harsuna 10 a matsayin harsunan ƙasa. Sai dai koya wa mutum karatu abu ne daban, samar masa abin karantawa kuma daban. Duk wanda ya yi aikin yaƙi da jahilci ya san cewa dalibin da ya gama aji bai sami takardar da zai duba ba, cikin ƴan shekaru karatun yakan gudu. Wannan giɓi ne ya kamata ɗakin karatu na jama'a ya cike.

A halin da ake ciki kasuwa ta yi nata aikin. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Hausa suka shiga buga littattafan soyayya da na zaman iyali da kuɗinsu, irin su Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino. Littattafan suna da araha, ana ba da hayarsu a shaguna, kuma mata ne suka fi karanta su, suna miƙa wa juna daga gida zuwa gida. Rediyo ma ta riƙa karanta su. Wannan wani ɗakin karatu ne marar gini, kuma ya isa cikin gidajen da littafin Faransanci bai taɓa shiga ba.

5. Zuwan ɗakin karatu na jama'a

Tunanin ɗakin karatu na kowa da kowa, kyauta, wanda hukuma ke ɗaukar nauyinsa, ya sami ƙarfi da sanarwar UNESCO ta 1949 da taron Ibadan na 1953. A Nijar manyan birane ne suka fara samu. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da aka kafa a Yamai a 1963, mai reshe a Damagaram, ta daɗe tana cikin manyan wuraren aron littafi na ƙasar.

Shirin CLAC ya zo ne don ƙananan garuruwa. Hukumar ACCT ce ta kawo shi, wadda ita kanta a Yamai aka rattaba hannu kan kafa ta ranar 20 ga Maris 1970, kuma ita ce daga baya ta zama ƙungiyar OIF. An ɗauko tsarin daga yadda lardin Kebek na Kanada yake kai littattafai karkara. Aikin ya rabu uku: gari ya ba da gini da masu kula da shi, gwamnati ta ba da jami'in da ke zagaya cibiyoyin, hukumar waje ta kawo littattafai, jaridu, kayan wasa da na'urorin kallo da sauraro. Sunan ma ya nuna cewa ba karatu kaɗai ake nufi ba: ana son wurin ya zama dandalin wasan kwaikwayo, lacca da gasa, aikin da samariya da gidajen matasa suka riƙa yi a zamanin Seyni Kunce.

Shirin ya yi amfani ƙwarai. Ɗan kwaleji da ba ya da littafi ko ɗaya a gida ya sami ƙamus, ya sami inuwa da teburin da zai yi bitar jarrabawa. Amma rauninsa biyu ne, kuma tun daga tushe suke. Na farko, kusan dukkan littattafan da Faransanci suke, saboda haka masu zuwa ƴan lakwal ne da malamansu. Kashi biyu na masu karatun da muka ambata a sama ba su ga nasu a kan kanta ba. Na biyu, sabunta littattafai ya rataya a wuyan baƙo. Ƙananan hukumomin da aka zaɓi shugabanninsu karon farko a 2004 sun gaji gine-gine, amma kasafinsu ya fi karkata ga rijiya, asibiti da aji.

Abubuwan da suka faru kwanan nan sun fito da wannan rauni fili. Cibiyar Yamai ta cika shekara 60 a 2023, shekarar da dangantaka da Faransa ta yanke, kuma a watan Oktoba 2024 aka sa mata sunan Mustafa Alasan, mai shirya fina-finai. A watan Maris 2025 Nijar ta fice daga OIF, a cikin watan kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Tambayar wa zai sayi littafi na gaba, kuma da wane harshe, ta dawo hannun ƴan ƙasa.

6. Abin da tarihi ke koya wa masu shirya biki

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da shawarwari huɗu. Na farko, baje kolin ranar biki ya haɗa rubutun nan uku a kan tabarma guda: a roƙi gidajen malamai su kawo tsofaffin littattafansu a nuna, a rubuta sunan kowane littafi da gidan da yake, a mayar musu da abinsu a ranar. Wannan jerin kaɗai zai zama aikin da ɗalibanmu na tarihi za su daɗe suna cin moriyarsa.

Na biyu, a sa iyali a tsakiya. Tsohuwa mai tatsuniya da jikanta mai rubuta ta a takarda sun fi dogon jawabi amfani, haka kacici-kacici, dara, wasan kwaikwayo da karatun littafi da babbar murya ga waɗanda ba su iya ba. A ware wa matan aure lokaci nasu, domin da yawansu ba za su zauna cikin taron maza ba, alhali su ne manyan masu karanta littafin Hausa.

Na uku, a duba lokaci. Ranar yaƙi da jahilci ta duniya, 8 ga Satumba, tana faɗowa ana bakin aikin gona. Ranar harshen uwa, 21 ga Fabrairu, da ranar littafi, 23 ga Afrilu, suna cikin rani, lokacin da hatsi ke rumbu kuma makarantu na buɗe, ko da yake samari da yawa sun tafi cin rani.

Na huɗu, kada a tashi daga biki sai majalisar ƙaramar hukuma ta yi alkawarin wani kaso na shekara-shekara don sayen littattafai, komai ƙanƙantarsa, kuma a fara da na Hausa: na Zariya da Kano, da waɗanda aka buga a Yamai a gidajen ɗab'i irin su Albasa da Gashingo. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana kusa, kuma ɗalibanta na iya taimakawa wajen jera littattafai da horar da masu kula da su.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙasar Gazawa, Agye da Gidan Rumji ta san littafi ta hanyar malam, ta hanyar kasuwa da ajin dare, sa'an nan ta hanyar lakwal, kuma ɗakin karatu na jama'a ya fi yi wa hanya ta ƙarshe hidima. Shekara 40 na shirin CLAC abin murna ne, amma ƙaramin yanki ne na tarihin da ya haura shekara 200 tun daga kafuwar Maraɗi. Yanzu da mai kawo littafi daga waje ya janye, ɗorewar waɗannan ɗakuna ta dogara ga ko malamin zaure, matar gida da manomin da ya yi ajin dare za su ɗauke su nasu. Aikin da ke gabanmu, mu malaman jami'a da ɗalibai, shi ne mu shiga garuruwan nan mu tattara rajistar masu aro, takardun kafa kowace cibiya da bayanan tsofaffin masu kula da su, tun kafin gara da ruwan sama su riga mu.