Neman aiki ta shafukan sada zumunta: Abin da mai digiri da iyayensa ya kamata su sani

Duk shekara dubban matasa ne ke karɓar takardar kammala yi wa ƙasa hidima daga hukumar NYSC, su koma gida su tarar da tambaya guda tana jiran su tun daga zaure: ina batun aiki? A da, amsar tana shafin tallace-tallace na jarida, ko a ofishin wani kawu da za a kai wa takardu a cikin ambulan. Yanzu bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji a intanet suke fara sanar da guraben aikinsu, kuma da yawa daga cikinsu sukan leƙa shafin mai nema kafin su kira shi tantancewa.

Alƙaluman hukuma ba sa nuna girman matsalar yadda magidanta ke jin ta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, adadin ya sauko zuwa kashi 4.1, domin a sabon lissafin duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi ana ƙirga shi cikin masu aiki. Ke nan mai digirin injiniya da ke taya mahaifinsa tsare shago a Kantin Kwari yana da aiki a takarda, ko da kuwa shi da mahaifin ba haka suke kallon lamarin ba.

Shafukan da amfanin kowanne

LinkedIn shi ne shafin da aka gina musamman domin hulɗar ma'aikata. An buɗe shi a Amurka a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 masu rajista a cikinsa suka haura biliyan ɗaya. Shafin mutum a can tamkar CV ne da ba ya rufuwa: karatu, wuraren da aka yi aiki, ƙwarewa, da shaidar waɗanda suka yi aiki tare da shi. Masu ɗauko wa kamfanoni ma'aikata suna bincike ne da kalmomi, kamar sunan sana'a ko manhaja ko gari, saboda haka wanda bai rubuta ainihin abin da ya iya ba, ba zai fito a bincikensu ba komai kyawun digirinsa. Akwai kuma alamar Open to Work, wadda mutum zai iya bayyana wa kowa ko ya taƙaita ta ga masu ɗaukar ma'aikata kaɗai. Zaɓi na biyu ya fi dacewa da wanda yake riƙe da wani ɗan aiki, bai kuma son maigidansa ya sani.

Jobberman, wanda ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kafa a 2009, allon tallan guraben aiki ne na cikin gida. ReliefWeb kuwa na ofishin jinƙai ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a nan ake samun tallan ayyukan ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri, Damaturu da Yola. A X, wanda aka sani da Twitter kafin 2023, talla kan yi saurin fita ya kuma yi saurin nutsewa. Facebook da zaurukan WhatsApp su ne suka fi kusa da jama'a, su ne kuma suka fi cika da tallan bogi.

Dalilin da ya sa sanayyar nesa ta fi kawo labari

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa da ɗan gari akan ci gari. Abin da bincike ya ƙara shi ne bayyana wane ɗan garin. A 1973 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya wallafa sakamakon tambayoyin da ya yi wa mutanen da suka sauya aiki a wani gari kusa da Boston. A cikin waɗanda suka samu aikin ta hanyar wani mutum, mafi yawa sun ce ba aminin da suke gani kullum ba ne ya ba su labari, wani ne da suke haɗuwa da shi jefi-jefi. Hujjar a fili take. Aminai suna zama a majalisa ɗaya, suna jin labari ɗaya, abin da suka sani mai neman aiki ya riga ya sani. Tsohon abokin aji da ke aiki a Fatakwal, ko jami'in da ya kula da mutum a wurin hidimar ƙasa, shi ne ke shiga ɗakunan da mai nema ba ya shiga.

A 2022 mujallar Science ta buga wani babban gwaji da aka yi a kan masu amfani da LinkedIn kimanin miliyan 20 cikin shekara biyar. Ya tabbatar da ra'ayin, amma da gyara: sanayyar da ta fi kai mutum ga sabon aiki ita ce ta tsaka-tsaki, ba amini ba, ba kuma baƙon da babu abin da ya haɗa su ba. An kuma ga cewa tasirinta ya fi ƙarfi a ayyukan da suka dogara da fasahar kwamfuta, yayin da a sauran sana'o'i dangantaka ta kusa ke ci gaba da yin nauyi. Wannan ya nuna kuskuren matashin da ke tura buƙatar abota ga manyan daraktoci ɗari waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, ya bar zauren tsofaffin ɗaliban sashensu babu ko sallama.

A nan iyaye ma suna da rawar takawa. Ɗan kasuwar da ke hulɗa da manajan banki, da wakilin kamfanin da yake sarin kaya, da akawun da ke duba masa haraji, yana da irin wannan sanayya fiye da ɗansa. Ba a ce ya roƙi alfarmar a tsallake ƙa'ida ba. Tambayar yaushe ake ɗauka, kuma me ake dubawa, ita kaɗai tana da daraja.

Yadda ake gabatar da kai

Hoto ya zama na fuska, cikin sutura ta mutunci. Hula ko hijabi ba sa rage komai, amma hoton biki da aka yanke wani daga gefe yana ragewa. Suna ya dace da wanda ke kan takardun makaranta, haka ma adireshin imel, domin laƙabin samartaka ba ya shiga ofis. A layin da ke ƙarƙashin suna, "mai neman aiki" ba bayani ba ne. A rubuta sana'ar. Shekarar hidimar ƙasa da watannin koyon aiki na SIWES duk gogewa ce, muddin an faɗi abin da aka yi a cikinsu: aji nawa aka koyar, wace manhaja aka yi lissafi da ita. Wanda ya yi rajista da ƙungiyar sana'arsa, kamar ICAN ga akantoci ko TRCN ga malamai, ya sa a fili.

Saƙon farko ga wanda ba a saba da shi ba ya zama gajere: gaisuwa, abin da ya haɗa su, sai tambaya guda da za a iya amsawa cikin minti biyu. Saƙon da bai ƙunshi komai ba sai sallama, ana jiran a amsa kafin a faɗi buƙata, yawanci a nan yake kwana.

Sai tsofaffin rubuce-rubuce. Zagin da aka yi wa wata ƙabila ko wani malami lokacin zaɓe yana nan a Facebook bayan zafin ya wuce, kuma jami'in ɗaukar ma'aikata ba zai kira mutum ya ji uzurinsa ba.

Aikin gwamnati da tarkon 'yan damfara

Aikin gwamnatin tarayya ba a samun sa ta saƙon sirri a Facebook. Ana sanar da shi ne ta hukumar da ke ɗaukar ma'aikata ko ta ma'aikatar da abin ya shafa, kuma adireshin shafukan gwamnati yawanci yana ƙarewa da .gov.ng ne, in ban da rundunonin soji da ke amfani da .mil.ng. 'Yan damfara sukan buɗe shafi mai tambarin Kwastam ko NNPC, su nemi kuɗin fom, ko na gwajin lafiya, ko na "riƙe gurbi". Cinikin guraben aiki ya yi ƙamarin da a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya bincike shi a hukumomin tarayya. Wanda ya biya yana iya ƙarewa da takardar ɗaukar aiki ta jabu, ba ya kuma iya kai ƙara cikin kwanciyar hankali, tunda bayar da cin hanci laifi ne kamar karɓarsa. Haka kuma babu mai ɗaukar aiki na gaskiya da ke buƙatar lambar sirrin katin ATM ko lambar da banki ke turowa ta waya.

Hasarar ba ta tsaya a kuɗi ba. A watan Afrilun 2021 wata matashiya da ta kammala Jami'ar Uyo ta wallafa a Twitter cewa tana neman aiki kafin a kira ta hidimar ƙasa. Wani ya gayyace ta tantancewar ƙarya a wajen gari, ya kashe ta. Ƙawarta ce ta fara kwarmata ɓatanta a shafin, kuma a 2022 Babbar Kotun Jihar Akwa Ibom ta yanke wa wanda ya aikata hukuncin kisa. Don haka kafin a amsa gayyata, a binciki sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a tabbatar adireshin ofis ne ba gida ko ɗakin otal ba, a bar wa na gida adireshin da lambar wanda ya yi kiran, in da hali a tafi da ɗan rakiya. Wanda aka karɓe wa kuɗi kuwa ya adana rasit ɗin banki da hotunan saƙonnin kafin a goge shafin, domin su ne abin farko da EFCC ko 'yan sanda za su tambaya.