Ɓatattun Shirye-shiryen Ban Tsoro a Talabijin da Wasannin Bidiyo: Nazari daga Harobanda

Tsakure

Maƙalar nan tana bin diddigin illolin da ke sa shirye-shiryen ban tsoro su ɓace, tana rarrabe abin da ya salwanta bisa haƙiƙa da wanda aka hana da wanda ƙage ne, sannan tana nuna abin da ya wajaba a kan masana na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, Yamai.

Gabatarwa

Kamar yadda malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai sun tahaƙƙaƙe isnadinta, haka ya kamaci mai bincike, idan ya ji ana cewa an taɓa nuna wani shiri mai firgitarwa wanda yau babu ko alamarsa, ya nemi hujja kafin ya gaskata, domin tsoro yakan ƙawata abin da aka gani da ƙuruciya har ya zarce asalinsa.

Rabe-raben Ɓata

Kashi na farko shi ne wanda ya salwanta haƙiƙatan. Gidan BBC na Ingila, saboda tsadar faifai a zamanin da, ya riƙa shafe tsofaffin shirye-shirye yana naɗar sababbi a kansu, har aka shiga 2013 ana neman sassa 106 na shirin Doctor Who da suka ɓace. Sai a 2013 aka gano tara daga cikinsu a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, cikinsu da sassan The Web of Fear na 1968, adadin ya sauko zuwa 97.

Kashi na biyu shi ne wanda aka janye da gangan, kamar wasan P.T. da kamfanin Konami ya fitar a 2014, ya kuma cire shi daga kasuwar PlayStation a 2015, ta yadda bai saura ba sai a na'urorin waɗanda suka riga suka sauke shi. Makamancinsa a wajenmu shi ne fim ɗin Les Maîtres fous na Jean Rouch, na 1955, wanda ya ɗauki 'yan Nijar masu bautar iskokin Hauka a Akra, mahukuntan Ingila kuwa suka hana nuna shi a ƙasashen da suke mulka.

Kashi na uku ƙage ne tsantsa, irin wasan Polybius da ake riya cewa ya haukata yara a Amurka a 1981, alhali ba a taɓa samun na'urarsa ko ɗaya ba.

Halin da Nijar Ke Ciki

Nijar, wadda ta soma talabijin ta makaranta tun 1964, ta kuma haifi Moustapha Alassane, mai fim ɗin Toula na 1973 a kan budurwar da aka sadaukar ga aljanin ruwa lokacin fari, tana da gado mai yawa na hikayoyin iskoki da dodanni da aka naɗa a kaset. Shi kuwa kaset, zafi yana narkar da danƙonsa, ƙurar hunturu tana cin fuskarsa, laima tana sa masa fumfuna. Ga kuma ambaliyar kogin Isa, wadda ta shafi unguwannin Harobanda a 2012 da 2020.

Kammalawa

Binciken ya tabbatar da cewa mafi yawan ɓatan nan sakaci da rashin kuɗi ne musabbabinsa, kuma abin da ya faru a Jos dalili ne bayyananne cewa ɗakunan ajiyarmu suna iya riƙe abin da duniya ta fid da rai da shi. Saboda haka muna kira ga jami'ar da gidan Télé Sahel su ƙididdige kasetocin da ke hannunsu, su juye su cikin kwamfuta, su kuma naɗi shaidar tsofaffin ma'aikata tun suna da rai.