Tuwon Shinkafar Da Ya Ƙetare Teku: Tarihin Hausawa a Bahiya ta Birazil

Edita ya daɗe yana bina bashin rubutu, har ya kai ga in na hango shi a wurin ɗaurin aure sai in sake layi. To, an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga bashin nan na biya, kuma na zaɓi in biya shi da tarihi, darasin da yawancinmu muke gyangyaɗi a cikinsa bayan abincin rana.

Duk wanda ya zauna ɗakin kwana a zamaninmu zai tuna ranar tuwon shinkafa, ranar da ko mai zazzaɓi yakan warke kafin a kaɗa ƙararrawa. Zai kuma tuna Iya mai ƙosai ta bayan shinge, wadda saboda ita da yawa daga cikinmu suka sha yankan ciyawa. Allah ya jiƙanta. A lokacin, da wani zai ce mini zan tarar da waɗannan abinci biyu a wata ƙasa can bayan teku, har ɗaya yana ɗauke da sunan Hausawa, da na ce mafarki yake yi.

Abin da na gani a Salbador

'Yan shekarun baya wata tafiyar aiki ta kai ni birnin Salbador, hedikwatar jihar Bahiya a arewa maso gabashin Birazil. Shi ne babban birnin ƙasar na farko, daga 1549 zuwa 1763. Tun ranar da na sauka na ga mata sanye da fararen kaya da ɗaurin kallabi, kowace ta kafa kaskonta a bakin titi. Na matsa kusa, sai ga ƙosai yana iyo a cikin manja. Suna kiransa akaraje, daga Yarbanci: akara, wato ƙosai, da je, wato ci. Wakensu irin namu ne mai baƙin hanci. Bambancin kawai shi ne girmansa ya kai dunƙulen hannu, kuma sai a tsaga shi a cusa masa yaji da jatan lande da wata miyar kuɓewa da suke kira karuru. A gefe ga alala a cikin ganyen ayaba, suna ce mata abara.

Wannan bai ba ni mamaki sosai ba, domin kowa ya san Yarabawa sun yi yawa a can. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani suna a takardar abinci: arroz de hauçá. Abokin aikina ya ce ma'anarsa "shinkafar Hausawa". Na ce masa ai ni Bahaushe ne. Ya yi dariya yana zaton zolaya ce, don shi a saninsa hauçá sunan girki ne kawai, bai taɓa jin cewa akwai mutane miliyoyi masu amsa wannan suna ba. Da aka kawo, sai na ga malmalar tuwon shinkafa, an zagaye ta da soyayyen busasshen nama da albasa. Na daɗe ina kallonta kafin na sa hannu.

Wani marubuci baƙar fata ɗan Bahiya, Manuel Querino, wanda ya rasu a 1923, ya bayyana girkin a littafinsa kan abincin Bahiya da aka buga a 1928. A bayaninsa, ana dafa shinkafa da ruwa ba gishiri, a tuƙa ta da cokalin katako har ta haɗe, a ƙara garin shinkafa don ta yi tauri, sa'an nan a ci da miyar barkono da albasa da jatan lande da manja. Ku tambayi kowace uwa a Kano ko Damagaram, za ta ce muku ai tuƙin tuwo ke nan. Masu girkin yanzu sukan zuba madarar kwakwa, amma asalin bai ɓace ba.

Yaya aka yi suka je can?

A nan labarin ya daina daɗi. Birazil ce ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi daga Afirka: fiye da mutum miliyan 4 aka sauke a gaɓarta, yawanci don noman rake da taba da haƙar zinariya. 'Yan kasuwar Bahiya sukan kawo taba mai zaƙi zuwa Wida da Badagiri da Ikko su musanya da mutane.

Hausawa sun fara yawa a Bahiya ne bayan 1804, shekarar da aka soma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yaƙe-yaƙen wancan zamani sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, ana turo su kudu ta ƙasar Nupe da Oyo, daga hannu zuwa hannu, har bakin teku. Wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya tattauna da Hausawa bayi a can, ya buga labarinsu a 1851. Sun ambata masa garuruwansu, irin su Kano da Katsina da Zazzau, suka kwatanta hanyoyin da aka bi da su. Da yawansu a fagen yaƙi aka kama su.

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Jirgin na Bature ne, amma ba Bature ne ya shiga Gobir ko Zazzau ya kamo su ba. Hannun 'yan'uwansu baƙar fata ne ya fara ɗaure su. Ko a nan Arewacin Nijeriya sai a 1936 doka ta gama soke bauta ɗungurungum. In bera da sata, daddawa ma da wari.

Ba su kwanta ba

Mutanen da suka saba da takobi ba su karɓi bauta da sauƙi ba. A watan Mayu 1807 hukuma ta gano wani shirin tawaye na Hausawa a Salbador kafin ya fashe. A Janairu 1809 aka yi wani boren a yankin gonakin bayan gari. A Fabrairu 1814 kuma bayi suka tashi a Itapuwa, unguwar masunta a arewacin birnin, suka ƙone wuraren aiki. Takardun shari'a sun kira jagoransu da laƙabin malomi, wanda ba komai ba ne illa malam ɗinmu na Hausa a bakin Bature.

Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi, wanda ake kira tawayen Male, daga kalmar Yarbanci imale, wato Musulmi. A wannan karon Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa, amma akwai Hausawa da Nupawa. Cikin malaman da aka tuhuma akwai wani 'yantaccen Bahaushe mai sayar da taba, ana kiransa Dandara, wanda yake koyar da karatu a shagonsa. Asiri ya tonu tun kafin asuba, dole suka fito ba a gama shiri ba. Kimanin mutum 600 sanye da fararen riguna suka fafata da 'yan sanda da sojoji a titunan birnin, har sojan doki suka ci ƙarfinsu. Kimanin 70 daga cikinsu suka mutu. A jikin gawawwaki da gidajensu aka sami layu da alluna da takardun ayoyi, kuma wani bawa Bahaushe mai suna Albino ne aka sa ya karanta wa masu shari'a. Ranar 14 ga Mayu 1835 aka harbe mutum huɗu, saboda an rasa wanda zai yarda ya zama hauni ya rataye su. Wasu aka yi musu bulala ɗaruruwa, wasu aka koro su Afirka.

Rawa a idon masu mulki

Wani abin da ya ja hankalina shi ne yadda rawa ta zama batun siyasa. Bayi sukan taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa, kowace ƙabila da dandalinta. Gwamnan da yake mulki a 1807, Conde da Ponte, yana ganin ganga kiran yaƙi ce, don haka ya matsa musu. Wanda ya mulki Bahiya daga 1810 zuwa 1818, Conde dos Arcos, ya ba da izinin yin ta ranakun hutu a wurare biyu. Ba don tausayi kaɗai ba ne: a lissafinsa, muddin kowace ƙabila tana rawarta dabam, za ta riƙa tuna tsohuwar gabarta da sauran, ba za su haɗa kai ba. Masu gonakin rake suka yi ta kai ƙararsa. Wato dai dukansu biyu sun yarda cewa rawa ba wasa ba ce. Wurin da bawa yake tuna shi ɗan wani gari ne, mai suna da asali.

Rawa biyu da Bahiya take alfahari da su yau ba daga ƙasarmu suka fito ba, tushensu yana wajen mutanen Angola da Kwango. Ta farko ita ce kafuwera, wadda rabi rawa ce rabi faɗa. Ana yin da'ira, a sa kiɗan wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙoƙo a gindi, mutum biyu su shiga suna shuri da tsalle da kaucewa. Da na gan ta sai na tuna filin dambe da na sharo, inda kiɗa ne yake ɗaukar ɗan wasa. Dokar hukunta laifuka ta 1890 ta haramta ta, shekara biyu kacal bayan soke bauta a ranar 13 ga Mayu 1888. Sai a 1937 aka yi wa makarantar wani gwani, Mestre Bimba, rajista a hukumance. A 2014 UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya. Ta biyu ita ce samba ta da'ira, inda ake tafi da waƙa, mace ta shiga tsakiya ta taka, sa'an nan ta gayyato wata, kamar dai 'yan matanmu a dandalin gaɗa. Ita kuma UNESCO ta karrama ta tun 2005. Abin da aka ɗaure kakanni a kansa, yau shi ne jikoki suke koya wa Turawa a biya su. Har farin wandon 'yan kafuwera ana kiransa abada, sunan da ake kiran farar rigar Musulmin 1835.

Teku ba hanya ɗaya ba ce

Waɗanda aka koro da waɗanda suka fanshi kansu suka dawo ba su zo hannu rabbana ba. A Ikko ana kiran zuriyarsu Aguda, a Ankara ta Gana kuma Tabom. Sun kawo sana'ar gini, har wani daga cikinsu ne ya gina masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Sun kawo farejon, faten wake da madarar kwakwa da ake ci ranar Juma'ar da ta gabaci Ista. Sun kuma taimaka wajen yaɗa dabarar sarrafa rogo ya zama gari, shi kansa rogon daga Birazil Turawan Fotugal suka kawo shi. Saboda haka garin kwakin da ya rufa mana asiri a ƙarshen zango, in kuɗin kashewa ya ƙare, shi ma baƙo ne. Masara da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo. Mu aika musu da tuwo, su aiko mana da gari.

Abin da ya rage

Bayan 1835 an hana karatun allo sakewa, kuma dokar 1850 ta tsayar da shigo da bayi, don haka ba sababbin Hausawa masu zuwa. Yawancin waɗanda suke can maza ne, 'ya'yansu suka tashi da harshen Fotugal. A farkon ƙarni na 20 tsofaffi 'yan ƙalilan ne suka rage masu jin Hausa, kuma da suka mutu harshen ya bi su kabari. Sunayensu na yanka ma ba mu san yawancinsu ba, sai na Kirista da aka laƙaba musu. Abin da ya tsira shi ne malmalar tuwo. Har an taɓa samun masu gyara sunan suna cewa shinkafar "ruwa da gishiri", saboda a harshensu lafazin ya yi kama da hauçá, ga shi kuma sun manta ma'anar asalin.

Wannan ne ya sa na dawo gida da tunani. Su ƙarfi aka sa aka raba su da nasu. Mu fa? Na tambayi jikokina ko sun san takai ko asauwara, suka dube ni kamar na yi Sinanci. Shantu sai a hoto. Tubani da gauda da dashishi sun zama abincin da ake kwatance. Ba wanda ya ɗaure mu, da kanmu muke saki.

Shi ya sa nake roƙon kwamitin zartarwa, a taronmu mai zuwa, bayan maganar rufin ɗakin gwaje-gwaje da rijiyar burtsatse, a ware wani abu don farfaɗo da ranar al'adu a makarantarmu. A sa kowane ɗalibi idan ya je hutu ya zauna da kakarsa, ya rubuto girki ɗaya da rawa ɗaya ta garinsu, da sunan kiɗan da lokacin da ake yin ta. A ba da kyauta, a tara rubutun a laburare. Ɗalibanmu daga ƙabilu dabam-dabam suke, kowa ya kawo nasa. Ni na ɗauki nauyin kyautar shekarar farko, kuma Edita shaida ne.

Idan kun zauna cin tuwon shinkafa, ku tuna da waɗancan bayin Allah da suka tuƙa shi a baƙuwar ƙasa suna kewar gida. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya ɗaukaka makarantarmu. Amin.